Ƙwan Kazar Ngatemi

Tirela kan zo da asuba, kafin ladan ya rufe baki,
ta juye a inda gonar shinkafar mijina take a da.
Wai tsohuwar takarda ce, haka aka rubuta a tashar jirgin ruwa.
Masana'anta ta tsame takardarta, ta bar mana saura:
ledar biskit, robar man wanke gashi,
buhun abincin kare mai hoton kare yana dariya,
haƙoransa sun fi nawa kyau.

Ni ce Ngatemi. Shekara sittin da 'yan kai a gabashin Jawa,
ban taɓa hawa jirgi ba, na sama ko na ruwa,
amma na san abin da ake karya kumallo da shi
a garuruwan da harshena bai iya juya sunansu ba.
Na san suna son cuku.
Na san ba sa suɗe kwano.
Jikata Laras a jikin leda ta fara haɗa baƙi,
tun malamin makaranta bai san sunanta ba.

Sau ɗaya na tsinci kuɗinsu a naɗe cikin safa.
Mai canji a Surabaya ya ba ni na shinkafar mako biyu.
Gaisuwar da suka taɓa aiko mini ke nan,
ita ma bisa kuskure.

Mu baza, mu shanya, mu ware.
Mai tauri a ɗora a sikeli.
Mai laushi, mai ƙyalli, wadda ba mai so,
Parjan ke kwashewa buhu-buhu zuwa murhun awara,
don itace ya yi tsada, shi kuma 'ya'yansa biyar.
Awararsa fara sol,
kamar ba ta san wutar da ta dafa ta ba.
Hayaƙin ne ya sani.
Yakan sauka a kan shanya, a bakin rijiya,
ya sauka a ƙirjin Kasmuri, mijina,
wanda ya yi damina uku yana tari kamar ana tsaga gora,
ran nan muka wayi gari ɗakin shiru.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.
Mu dai ba mu ga tsuntsun ba.
Ruwan muka gani.

Bara wasu yara suka zo daga jami'a,
hannu cikin safar roba, hanci a rufe, ga ladabi.
Suka sayi ƙwai shida na jar kazata,
wadda ke tonon toka a bayan murhun Parjan,
suka biya ninki biyu, har na ji kunya.
Bayan wata uku yarinyar cikinsu ta dawo da takarda.
Ta ƙi zama. Ta ce, Kaka, kada ku ƙara ci,
akwai guba a ƙwanduwar, ba a ganinta, ba ta dahuwa.
Na ce, to 'yar nan, me zan soya wa Laras?
Ta dubi takardar,
ta juya bayanta ko amsar na can.

Yau ma kazar ta yi kuka a ƙarƙashin gado.
Na durƙusa na laluba. Ga shi, da ɗuminsa,
ba tabo, ba tsaga, ba wari,
kamar duk ƙwan da uwata ta taɓa miƙo mini.
Laras ta ɗaura jakar makaranta, tana kallon kasko.
Man ya fara zafi.
A bakin hanya ina jin tirela tana ja da baya,
yaron mota na buga mata gefe:
taho, taho, akwai wuri.